Wata Uku a Lissafin Gwaggo Balki

Assalamu alaikum, ƴaƴana da ƙannena masu bin wannan labari. Na karanta duk abin da kuka rubuto mini, ban tsallake ko ɗaya ba, har da na yarinyar nan da ta ce da ita ce, da jakarta za ta ɗauka ta hau jirgi ba ta tambayi kowa ba. Allah ya yi miki albarka, ƴata. Ni ba irin wannan tarbiyya aka yi mini ba, kuma ba na jin kunyar wadda aka yi mini. Ga waɗanda yau suka fara iske mu, sunana Habsatu, ƴar Damagaram ce ni, malamar lakwal mai koyar da yara ƴan aji shida. Abin da nake ba ku ya same ni a Yamai, a shekarar dubu biyu da goma, ina da shekara talatin da huɗu a duniya.

Waɗanda suka ga wannan shekara ba sa buƙatar a tuna musu. Damina ta ƙi, gero bai yi ba, kuma tun kafin zafi ya shigo sojoji suka karɓi mulki. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta sha gaya mini cewa haka aka yi a saba'in da huɗu, fari ya zo, soja ya biyo shi. Na ɗauka labarin tsofaffi ne, sai da na gani da idona: mutanen Zarmaganda da na Damargu suna shigowa birni da ƙorai a ka, mata suna bin gidajen Talaje suna tambayar wanki ko daka, a biya su da tuwon jiya.

A wannan unguwa ta Talaje nake zaune, a gidan Gwaggo Balki, yayar mahaifina. Gida ne mai ɗaki uku a jere, da rumfar kwano, da itacen dogonyaro guda a tsakar gida wanda ƙarƙashinsa ne falonmu na gaskiya, domin kuran, wutar lantarki ke nan, ya fi daɗewa a ɗauke fiye da a kawo. Na dawo hannunta ne bayan Babbar Sallah, da akwati biyu da takardar saki. Shekara tara na yi a gidan Tanimu, mutumin Maraɗi mai fataucin kayan mota, Allah bai ba mu haihuwa ba. Da cikin ya zo a ƙarshe, bai zauna ba, na yi ɓari a wata na uku, aka yi mini wankin ciki. Daga nan jinina ya ƙi komawa yadda na san shi. Ya zo ya ɗauke, ya dawo da ƙarfi, ya tsaya kamar ya tafi, ya sake dawowa. Tanimu ya jure abin da ya jure, wata safiya ya ce shi gidansa ya zama gidan likita, ya rubuta mini saki ɗaya. Ba zan zage shi a nan ba. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, kuma har tasha ya kai ni da motarsa.

Gwaggo ce ta riƙe mini lissafin idda, kamar yadda ta riƙe wa ƙannenta da ƴaƴan ƙannenta. Ita a wurinta idda wata uku ce. Ta duba jinjirin wata sau uku, ta sa aka yi mini kitso da lalle, ta fito mini da wata shadda ruwan toka mai aikin sama a wuya, ta ce na fita, in ɗaga kaina. Game da jinin kuwa, ba ta yarda a ambace shi ba sai a ɗaki, murya ƙasa. Ta ce gajiyar ɓari ce, ta jiƙa mini sassaƙe, ta dama mini kunun kanwa. A gidanmu mace ba ta kai irin wannan zance gaban maza. Kakata ta yi jinyar shekara biyu, kakana ya rasu yana zaton ciwon ƙafa ne.

Sumana kuwa a bakin ƙofar lakwal na san shi. Bazabarme ne na Gudel, mai lambu a bakin kogi, matarsa ta rasu ta bar masa ƴa ɗaya, Kadi, wadda take ajina. Kowace Litinin yakan zo da babur, buhun salati da kabeji a bayansa, ya tsaya ya tambayi karatun yarinyar, alhali karatunta ba ya canzawa daga Litinin zuwa Litinin. Hausarsa ta kasuwa ce. Yakan ce mini, “Madam, kai ka gaji yau,” in ce masa “ke” ake cewa mace, ya yi dariya ya ce su Zabarmawa ba su raba mutane biyu, Hausawa ne suka ga dama suka wahalar da kansu. Da ya ji labarin na fita idda, bai yi yawo ba. Ya turo ƙanin mahaifinsa da goro da turmin atamfa biyu, Gwaggo ta karɓa, ta buga waya Tanut ta shaida wa waliyyina, Baba Shu'aibu, ƙanin mahaifina. Baba ya tambaye ta abu ɗaya: ta fita idda? Gwaggo ta ce tuni. Ya ce to, a bari ruwa ya sauka mutane su sami abin ci, sannan a sa rana.

Ku bar ni in faɗa muku gaskiya, ban san ana son mutum haka ba. Kowace safiya kafin in gama shan shayi salulata za ta yi ƙara. Saƙonsa ba ya wuce layi biyu. Ranar da kogi ya ja baya har injinsa ya daina kamo ruwa, ya rubuto: “Kogi ya gudu ya bar ni. Saura kai.” Na karanta shi a tsaye gaban allo, na juya baya don kada yara su ga fuskata.

A gaban wannan allo ne kuma abin ya faru, a tsakiyar watan zafi. Ina rubuta lissafi sai na ji ɗumi yana bin ƙafata har cikin takalmi. Na ce yara su fita, ban tuna ko sun fita ba. Na farka a babban gidan likitan mata, ana yi mini ƙarin jini, Gwaggo tana zaune a ƙasa da carbi, mayafinta ya zame ba ta sani ba.

Likitar da ta duba ni, Dokta Aisa, mace ce mai tsantsan magana. Ma'aikaciyar da ta fara karɓata ta shirya kayan sake wankin ciki, Dokta Aisa ta dakatar da ita, ta ce a fara ɗaukar hoto da na'urar da ke nuna gudun jini. Da ta gani, ta juyo mini da allon na'urar. A jikin bangon mahaifata akwai wani wuri kamar dunƙulen zare, ja da shuɗi suna cuɗanya. Ta bayyana mini cewa jijiyar da ke kai jini da wadda ke maido shi ba sa haɗuwa baki da baki, akwai ƙananan hanyoyi a tsakaninsu masu rage wa jinin ƙarfi. A wurina, inda aka kankare bayan ɓarin, sun warke a haɗe kai tsaye, sun yi curi, jini yana bugawa cikin jijiyar da ba a halitta ta don ɗaukar wannan ƙarfi ba. Ta ce da an sake sa ƙarfe a wurin, da wuya su iya tsayar da abin da zai zubo.

Na tambaye ta magani. Ta ce hanya biyu ce. Ta farko, wadda suke iyawa a Yamai, a buɗe ciki a cire mahaifar gaba ɗaya. Ta biyu ba a yanka mutum. Ana huda jijiya a inda cinya ta haɗu da mara, huda ƙarama kamar ta allura mai kauri, a zura siririn bututu, likita yana kallonsa a allo yana bi da shi har bakin curin, sannan ya saki wasu ƙananan ƙwayoyi su toshe hanyar da ta lalace, su bar sauran. Mahaifa tana nan, kuma mata da yawa sun haihu bayansa, ko da yake ita ba za ta ɗaukar mini alkawarin abin da yake hannun Allah ba. Sai dai a lokacin ba ta san inda ake yinsa a ƙasarmu ba, Tunis take tura irina.

Da yake ni ma'aikaciyar gwamnati ce, ta shigar da takarduna don a fitar da ni. An sha wahala, domin tun da sojoji suka hau ana ta canza masu sa hannu a ofisoshi, amma takardun sun fito, an ba ni gado a cikin watan da ke tafe. Sharaɗi ɗaya ta gindaya: sai da ɗan rakiya, miji ko ɗan'uwa na jini, wanda zai iya sa hannu in abu ya rikice ina kwance ba na cikin hayyacina. Ta ba ni ƙwayoyin rage zubar, ta riƙe hannuna ta ce, “Madam Habsatu, waɗannan jinkiri kawai suke saya miki. In aka sake kawo ki yadda aka kawo ki yau, ba zan tambaye ki ba. Zan cire, don in bar ki da rai.”

To wa zai raka ni? Ƙanena Mamman, shi kaɗai ne namiji a ɗakinmu, soja ne, kuma a wannan shekara ko kwana a gida ba a ba su, balle fita ƙasa. Ya nemi izini, aka ce ya jira, ya sake nema, aka ce ya daina tambaya. Baba Shu'aibu ya haura saba'in, ga ciwon suga, hawa mota ma sai an tallafe shi. Gwaggo ta ce ita za ta je, amma ta san ƙanenta, ba zai bar mata biyu su ƙetare hamada da teku ba muharrami ba, ni ma kuma ban taɓa jin an yi haka a zuriyarmu ba.

Sumana ne ya kawo mafita. Dole ta sa Gwaggo ta yi masa bayani a dunƙule, shi kuma ya je ya sami Dokta Aisa ta cike masa sauran. Da yamma ya zo, ya zauna a kan tabarma ƙarƙashin dogonyaro, sanye da wata farar jallabiya da ta sha guga, hannuwansa duk tsagar ruwa da taki. Ya ce me ake jira da damina? A ɗaura aure Juma'a mai zuwa, ba biki ba taro, ya zama mijina, ya ɗauki fasfo ya raka ni. Lambun zai bar wa ƙanensa, ko da ma ba ruwan da zai shayar da shi. Gwaggo ta yi guɗa a hankali, irin ta cikin maƙogwaro, ta ce wannan Bazabarmen ya fi Hausawa goma hankali. Ya ce, “Inna, sai yau ka gane?” Ta ce ya tashi ya ba ta wuri kafin ta fasa.

Na kwana biyu ina jin kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Har ɗinki na kai wa tela.

Baba Shu'aibu ya iso Yamai ranar Laraba. Ba don ni kaɗai ya zo ba, ya zo neman dusa da ƙwaryar auduga ga ƴan shanun da suka rage masa, domin a Tanut saniya tana faɗuwa a tsaye, mahauta suna sayenta da abin da bai kai kuɗin akuya ba. Ya rame, rawaninsa ya yi masa yawa. Malami ne, ya yi karatu a Damagaram da Kano, kuma mutane daga ƙauyuka suke zuwa ya raba musu gado. Bayan la'asar Gwaggo ta shimfiɗa masa buzu a rumfa, ta kawo masa fura ba suga, ta gaya masa buƙatarmu: a ɗaura jibi.

Ya ce ya yarda da yaron, amma me ya kawo gaggawa? Gwaggo ta ce ƴar nan ba ta da lafiya, za a kai ta waje. Ya ce wane ciwo? Ta ce ciwon ciki. Ya ce Yaya, ba a kai mutum Tunis don ciwon ciki. Ina cikin ɗaki, labule ne kawai tsakanina da su, ina jin Gwaggo tana kewaye-kewaye, shi kuma yana maido ta kan hanya da haƙuri, kamar yadda yake yi wa masu gardamar gona. A ƙarshe ta faɗa. Ta ce jini ne. Ya tambaya tun yaushe. Ta ce tun ɓarin.

Na ji ya ajiye ludayi a cikin ƙwarya.

“Tun kafin sakin ke nan,” in ji shi. “To da me kuka ƙirga iddar?”

“Da wata mana. Uku cif. Da me ake ƙirgawa?”

Ya bayyana mata, murya ƙasa, cewa wata uku na tsohuwar da ta daina al'ada ne. Mace mai al'ada da tsarki uku take fita. Wadda kuwa jinin ciwo ya rikita mata lissafi, in tana iya bambanta jinin al'ada da na ciwo, sai ta ƙirga da abin da ta gane. In ba ta iyawa, a mazhabarmu shekara guda take zama. Gwaggo ta ce, “Shu'aibu, ni na goye ka. Mata nawa na fitar daga idda kana nan kana wanke allo?” Ya ce duk waɗanda ta fitar lafiyayyu ne, shi ya sa lissafinta ya yi daidai da na littafi ba ta sani ba.

Sannan ya kira sunana. Bai ce in fito ba, ya san ba zan iya haɗa ido da shi a kan wannan zance ba. Ya ce daga inda nake in ba shi amsa. Ya ce shari'a ta ba mace amanar wannan al'amari, abin da na faɗa shi za a ɗauka, ba mai bincike a bayansa. Tun da aka sake ni, ina iya gane wannan na al'ada ne, wannan na ciwo ne? Na ga tsarki uku da na tabbatar?

Gwaggo ta taso ta shigo ɗakin da sunan ɗaukar maficci. Ta tsaya a kaina, ta kama kafaɗata ta matsa, tana gyaɗa mini kai, idanunta cike da hawaye. Ba sai ta yi magana ba. Kalma ɗaya ce, “e”, jibi a ɗaura, wata mai zuwa ina Tunis da Sumana.

Na san da yawa daga cikinku za ku ce me ya hana. Na nemi tsarki ukun nan a cikin kaina, wallahi na neme su. Na tuna kwanakin da ya ɗauke na yi wanka na yi salla, kafin in idar da sallar gobe ya dawo. Na tuna yadda na daina sanin ranar da zan ce ta fara ko ta ƙare. Ban same su ba. Kuma abin da nake nema a Tunis ɗa ne. In na same shi ta auren da aka ɗaura a kan igiyar wani, da wane suna zan kira shi?

“Baba, ba na iya bambantawa,” na ce.

Gwaggo ta saki kafaɗata, ta zauna a bakin gado.

Baba ya yi salati. Ya ce in haka ne, ina cikin idda har bayan Babbar Sallah mai zuwa, kusan rabin shekara nan gaba. Ba aure jibi, ba sa rana, ko zuwa zance bai halatta ga Sumana ba, domin saki ɗaya ne, kuma har yanzu ni matar Tanimu ce a shari'a. Ya ce ba laifin yaron ba ne, ba laifina ba ne, shi ma da ya tambaya a waya ya kamata ya ƙara tambaya. Gwaggo ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce to sai a bar ta ta mutu da littafi a hannu? Ya ce bai ce haka ba. Ya ce akwai muharrami, kuma shi ne wanda ya fi kowa cancantar sa hannu. In Tanimu ya yi kome, ba sabon sadaki, ba sabon ɗauri, kalma ce a gaban shaidu, gobe ya nemi biza.

Ya ƙara da cewa shi ba zai kira shi ba. Ni bazawara ce, ba a yanke mini. Ko in jira shekara ta cika in auri Sumana, in Allah ya tsare ni daga wani zubar har lokacin, a sake neman gado. Ko in kira mijina. Ya tashi da kyar ya tafi masallaci.

Washegari ban je lakwal ba. Gwaggo ta ƙi yi mini magana, tana ta share tsakar gidan da ta riga ta share. Da hantsi Baba ya hau takisi ya tafi Gudel da kansa, ya ce irin wannan magana ba a aika ta. Ban san yadda suka yi ba. Abin da na sani, wajen azahar salulata ta yi ƙara.

“Baba ya zo. Na ji. Ya ce kada in sake rubuto maka. Wannan na ƙarshe ne sai ka amsa.”

Na san bai kamata in amsa ba, amma akwai abin da nake son ji. Na rubuta masa: in na jira, jinin ya dawo, aka cire, fa?

Amsarsa ba ta ɗauki lokaci ba. “Zan aure ka. Kadi tana nan, ɗiyarka ce. Ni ba mahaifa na zo nema ba.”

Na ɗora salular a cinyata na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka sake ni. Ƴaƴana, na san inda zuciyarku ta karkata, kuma da labarin ƙirƙira nake ba ku, da a nan zan ce na jira. Amma na yi muku alkawarin gaskiya tun farko. Sumana bai zo neman mahaifa ba, ni ce nake nemanta. Shekara tara ina zuwa sunan ƴaƴan mutane da turmi da sabulu, ina dawowa in rufe ɗaki. Shekara goma sha biyu ina koya wa ƴaƴan wasu rubuta sunan iyayensu. Sau ɗaya tak na ji wani abu ya zauna a cikina, wata uku, kuma har ranar ban daina lissafin watannin da zai yi da ya rayu ba. Na auna rabin shekara da jikin da ko mako biyu ba ya yi ba tare da ya tsorata ni ba. Na san Dokta Aisa ba barazana ta yi mini ba. Ina son Sumana, ban taɓa musun wannan ba, ko a gaban wanda bai so ji ba. Amma da na sa shi a hannu ɗaya, na sa ɗan da ban gani ba a ɗaya hannun, na ga wanda ya fi nauyi. Ban zo neman afuwarku a kan wannan ba.

Na rubuta masa: “Allah ya saka maka da alheri, Baban Kadi. Ka yafe mini.” Na jira. Salular ba ta sake ƙara ba.

Bayan la'asar na yi alwala, na sa dogon hijabi ruwan ƙasa, na fito rumfa. Wannan ne karon farko da na zauna gaban Baba tun da aka yi maganar. Yana jan carbi, ƙafafunsa a miƙe saboda kumburi. Gwaggo tana tsince shinkafa a faifai, ta dube ni, ta dubi abin da ke hannuna, ta ajiye faifan.

Lambar Tanimu ba ta cikin salulata, na goge ta tun ranar da na baro Maraɗi, amma yatsuna ba su manta ba. Ta yi ta ƙara har na ɗauka ba zai ɗaga ba. Sai na ji hayaniyar kasuwa da ƙarar ƙarfe, sannan muryarsa.

Na yi masa sallama, na gaishe shi da aiki, na tambayi lafiyar Hajiya mahaifiyarsa. Ya amsa duka, a ladabce, sannan ya ce, “Wa ke magana?”

“Habsatu ce.”

Na ji ya matsa daga cikin hayaniyar. Na gaya masa komai a jere, kamar mai ba da darasi: ciwon da sunansa, Tunis, bututun, sa hannun, da kuskuren lissafin. Ban ɓoye masa cewa wani ya nema ba, na fi son ya ji daga bakina. Na ce iddata ba ta ƙare ba, kuma ba na roƙonsa, ina shaida masa ne.

Da ya yi magana, muryarsa ta sauka.

“Sun ce za ki iya haihuwa bayan aikin?”

“Sun ce ana samu. Ba su yi alkawari ba.”

“Baba Shu'aibu yana kusa?”

“Ga shi.”

“Ba shi.”

Na durƙusa na miƙa wa Baba salular da hannu biyu. Ya kara a kunne, ya saurara, ya ce to, ya sake cewa to. Sannan ya rufe bakin wayar da tafinsa, ya dube ni, ya ce Tanimu zai yi kome, amma har yanzu ina iya cewa ya kashe wayar. Na sunkuyar da kai, ban ce ba.

Ya juya ga Gwaggo.

“Yaya, leƙa ki kira mana Malam Jibo maƙwabci. Ana buƙatar shaida na biyu.”